Rabin Milimita: Yadda Ake Daidaita Ƙafafun Ƙaramin Jirgin Sama

Ƙaramin jirgin sama na roba, irin wanda ake saya a kwali a harhaɗa da hannu, yana iya ɓoye kurakurai da dama. Idan an bar giɓi inda ɓangarorin gangar jirgin suka haɗu, sai a cike a goge. Idan fenti ya zarce iyaka, sai a sake shafawa. Wuri ɗaya ne ba ya karɓar rufa-rufa, wato ƙafafun da jirgin ke tsayawa a kansu. Ranar da aka gama aiki aka ɗora shi a kan tebur, teburin ne alƙali. Ko dai fukafukan biyu su tsaya daidai, ko ɗaya ya sunkuya kamar kafaɗar mai ɗingishi, kuma ko yaro ne ya leƙo daga bakin ƙofa zai ce jirgin nan a karkace yake.

Wannan sha'awa ta haɗa samfurin jirage ta daɗe. A Ingila, tun 1932 kamfanin Skybirds yake sayar da ƙananan jirage na katako a ma'aunin 1:72, wato inci ɗaya a samfuri yana wakiltar ƙafa shida a jirgin gaske. A 1936 aka fito da jiragen roba na Frog Penguin a wannan ma'auni, sannan daga baya Airfix ya fitar da jirginsa na farko, Spitfire. A yau Tamiya da Hasegawa na Japan, da Eduard na ƙasar Cek, da Revell, da Airfix ɗin kansa, suna zuba jirage a ma'aunin 1:72 da 1:48 da 1:32. Masu wannan sha'awa suna da ƙungiyar duniya mai suna IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, kuma a gasanninta alƙalai sukan fara duba daidaiton fukafukai da ƙafafu kafin su kai ga kyan fenti. Jirgin da aka shafe wata uku ana ƙawata shi yana iya faɗuwa a zagayen farko saboda taya ɗaya ta kalli gefe.

Lissafin da ke tona asiri

Dalilin da ya sa ƙaramin kuskure a ƙafa yake zama babba a ido lissafi ne mai sauƙi. Jirgin yaƙin Jamus, Messerschmitt Bf 109, ya isa misali, domin babu jirgin da ƙafafunsa suka fi wahalar da masu haɗi. Faɗin fukafukansa daga wannan baki zuwa wancan ya kusa mita 10, tazarar da ke tsakanin tayoyinsa biyu kuwa kimanin mita 2 ce. A ma'aunin 1:48, fukafukan sun koma kusan santimita 21, tazarar tayoyin ta koma santimita 4 da 'yan kai. Ke nan faɗin fukafukan ya ninka tazarar tayoyin sau biyar, kuma duk bambancin tsawo da aka samu tsakanin ƙafafun zai bayyana a bakin fukafukan ninki biyar. Idan ƙafa ɗaya ta gaza 'yar'uwarta da rabin milimita, bakin fiffike ɗaya zai fi ɗayan kusa da tebur da milimita 2.5. A jirgin gaske wannan santimita 12 ne. Makanikin da ya ga jirginsa ya jirkice haka a filin sauka zai je ya duba ko taya ta sace, ko wani abu ya karye.

A kwatanta da Focke-Wulf Fw 190, wanda fukafukansa suka kai mita 10.5 amma tazarar tayoyinsa ta kai kimanin mita 3.5. A nan ninkin uku ne kawai, saboda haka rabin milimitar nan zai koma milimita 1.5. Kuskure ɗaya, hannu ɗaya, amma jirgi mai ƙunƙuntar tsayuwa ya fi saurin fallasa mai shi.

Akwai lissafi na biyu da ya fi wannan muhimmanci, ko da yake ba a cika kula da shi ba. A ɗauka ƙafa tana da tsawon santimita 3. Idan a miƙe take tsaye, ta kauce da digiri 2, ƙarshenta zai matsa gefe da kusan milimita 1, amma tsayin jirgin ba zai canja ba yadda ido zai gane. Idan kuwa dama can a karkace aka tsara ta, a ce da digiri 20, sai ta ƙara buɗewa zuwa 22, to jirgin zai sauka ta wannan gefen da fiye da sulusin milimita. A ninka sau biyar, an samu kusan milimita 2 a bakin fiffike. Abin da wannan ke nufi shi ne, sau da yawa ƙafar da ake zargi da gajarta tsawonta lafiya lau yake, kusurwarta ce ta kauce. Mai haɗin da bai gane haka ba zai ɗauki sanfefa ya rage ɗaya ƙafar, wadda ba ta da laifi, ya wayi gari da ƙafafu biyu marasa kyau maimakon ɗaya.

Karkatar da aka yi da gangan

Hankalin ɗan Adam yana son abu a miƙe. Idan aka ba mutum sanda biyu aka ce ya kafa su ƙarƙashin fiffike, hannunsa da kansa zai tsayar da su cak kamar ƙafafun tebur. A jirage da yawa wannan shi ne kuskuren farko.

Lokacin da Willy Messerschmitt da abokan aikinsa suka tsara Bf 109, wanda ya fara tashi a 1935, sun ɗaure ƙafafun a jikin gangar jirgin maimakon a cikin fukafukai. Da haka nauyin sauka ya koma kan gangar, fukafukan suka yi sauƙi, kuma ana iya cire su gaba ɗaya jirgin yana tsaye a kan tayoyinsa, abin da ya sauƙaƙa gyara da jigila. Sai dai gangar siririya ce, don haka tushen ƙafafun biyu suka matsu kusa da juna. Domin a samu ɗan faɗin tsayuwa, aka buɗe ƙafafun waje, aka kuma tura su gaba. An biya kuɗin wannan dabara da tsada. An ƙera jirgin fiye da 33,000, kuma da yawa daga cikinsu sun lalace ne a wajen tashi da sauka, musamman a hannun sababbin matuƙa, saboda ƙunƙuntar tsayuwar da ƙarfin farfela mai fizgar jirgin gefe. Wannan talewar ƙafa tana cikin tarihin jirgin. Wanda ya miƙar da ita a samfuri ya goge abin da matuƙansa suka fi jin tsoro.

Hatta tayar ba ta tsaya a wuri ɗaya ba a tsawon rayuwar jirgin. A nau'o'in farko, tayar tana bin karkatar ƙafar. Daga nau'in G-4 na 1942 aka sa tayoyi masu girma, milimita 660 da 160, aka kuma sauya aksul ɗin yadda tayar ta kusa tsayawa a miƙe ko da ƙafar tana nan a tale. Wannan sauyi ne ya sa aka yi ɗan ƙullutu a saman kowane fiffike, domin tayar ta samu wurin shiga idan an naɗe ta. Saboda haka amsar tambayar "yaya tayar Bf 109 take tsayawa?" ita ce wata tambayar: wane nau'i?

Fw 190 na Kurt Tank, wanda ya fara tashi a 1939, akasin haka yake. Tushen ƙafafunsa yana can nesa a cikin fukafukai, suna naɗewa zuwa ciki, kuma idan aka kalle shi daga gaba ƙafafun suna ɗan tsukewa ciki daga ƙasa, sannan daga gefe suna miƙa gaba. Masu haɗi da yawa sukan tsayar da su a miƙe, jirgin ya fito kamar mai tafiya a kan sanduna.

Shi ya sa gyara yake farawa daga hoto, kafin a taɓa gam. Ana neman zanen jirgin ta fuska uku, gaba da gefe da sama, a kuma haɗa da hotunan jirgin yana bakin aiki. Jirgin gidan tarihi yana da amfani, amma da taka-tsantsan, domin babu mai ko makamai a cikinsa, wani lokaci an tokare shi da ƙarfe, wani lokaci kuma abin shanye girgizar ƙafarsa ya sace ya zauna ƙasa.

Gano mai laifi

Mai haɗin da ya ɗora jirginsa a tebur ya ga fiffike ya sunkuya yakan ji wani abu ya soke shi a ƙirji, kuma abin da zuciya ke fara raya masa shi ne ya kama ƙafar da yatsu biyu ya lanƙwasa. Ƙarar da ke biyo baya, ɗan "ƙas" na robar da ta karye, kusan duk wanda ya daɗe a wannan sha'awa ya san ta. Garin neman gira ake rasa ido. Abin da ya kamata shi ne a ajiye hannu a yi bincike, daga sama zuwa ƙasa.

Da farko teburin kansa. Katako yana lanƙwasa, don haka ana amfani da gilashi ko madubi ko tayil mai santsi. Na biyu fukafukan. Galibin jiragen wancan zamani fukafukansu suna ɗan ɗagowa sama daga tushe zuwa baki, kuma idan an manna fiffike ɗaya ya fi ɗayan ɗagowa, jirgin zai yi kama da mai karkatacciyar ƙafa alhali ƙafafun ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ana gane wannan ta kallon jirgin daga gaba a ga ko wutsiyar tsaye tana tsaye cak. Idan wutsiyar tana tsaye daidai amma fukafukan sun bambanta, laifin na fiffike ne. Idan wutsiyar ma ta jirkita tare da fukafukan, to jirgin ne gaba ɗaya ya karkata, sai a sauka zuwa ƙafafu.

A ƙafafun ana duba abu uku, kuma duk mai mota da ya taɓa kai ta wajen alaimen ya san irinsu. Daga gaba ana duba talewa, ko kusurwar hagu ta yi daidai da ta dama. Daga gefe ana duba miƙawa gaba, inda ƙafa ɗaya ya kamata ta ɓuya a bayan ɗayar idan an kalle su a saiti. Daga sama ko ƙasa ana duba inda tayoyin suka fuskanta. Takarda mai layukan murabba'i tana taimakawa ƙwarai: a ja layi a tsakiya, a ɗora hancin jirgin da wutsiyarsa a kan layin, a ƙirga gidajen da ke tsakanin layin da kowace taya. Tsayin bakin fiffike kuwa da rula ake auna shi, ko da ƙaramin kwali da aka yi wa alama.

Ido yana sabawa da abin da ya daɗe yana kallo har ya daina ganin aibinsa. Maganin wannan shi ne hoto. A ja da baya, a sauko da wayar daidai tsayin jirgin, a zuƙo hoton daga nesa domin kada kusanci ya murɗe siffar, sannan a juya hoton hagu ta koma dama. Karkatar da ta ɓuya wa ido tsawon mako takan fito fili nan take.

Tun ran gini, ran zane

Yawancin matsalar ana kauce mata ne kafin gam ya bushe. Kowace ƙafa tana da ɗan tsini da ke shiga gurbinsa a cikin ramin taya. A tsofaffin samfura gurbin yakan yi wa tsinin yawa, ƙafar ta riƙa lilo. A sababbi kuwa yakan yi matsi sosai har kaurin fenti kaɗai ya hana tsinin kaiwa ƙarshe. Saboda haka ana kankare fenti daga tsinin da gurbin, a goge layin da zubi ya bari, a gwada haɗawa ba tare da gam ba har sai an ga yadda kowace ƙafa take zama. Idan gurbin ya yi yawa, a cusa siririn yankin roba a gefen da ya dace.

Zaɓin gam shi ne zaɓin lokacin da mutum zai samu. Gam mai narkar da roba, irin Tamiya Extra Thin, yana haɗa sassa biyu su zama ɗaya, amma yana tausasa siririn tsini, kuma ƙafar tana iya ci gaba da zamewa a hankali sa'o'i bayan an ɗauka ta kama. Sufa gulu yana kamawa cikin daƙiƙoƙi, ba ya ba da damar gyara, kuma idan aka bugi ƙafar daga gefe yakan ɓalle. Gam mai haɗi biyu, irin Araldite, shi ya fi dacewa da wannan aiki, domin nau'insa na minti biyar yana ba da 'yan mintuna na juyawa da dubawa, yana cike gurbi mai yawa, kuma ba ya cin roba.

Amma gam mai jinkiri yana buƙatar abin da zai riƙe masa aiki. A nan madogari yake shigowa. Ana yanka kwali mai kauri bisa kusurwar da aka auna daga zane, guda ɗaya tak, a yi amfani da shi a hagu, a juya shi a yi amfani da shi a dama, yadda ko an yi ɗan kuskure zai zama iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Wasu sukan gina madogarin da tubalan wasan yara na Lego, saboda kusurwoyinsu daidai suke kuma tsayinsu ɗaya ne. Ana tallafe jirgin ta ƙarƙashin fukafukai da tubala masu tsayi ɗaya, yadda nauyinsa ba zai hau kan ƙafafun ba, a bar shi ya kwana.

Tayoyi su ne na ƙarshe. Tayar jirgin gaske tana ɗan baje ƙasa saboda nauyi, kuma samfura da yawa suna zuwa da taya mai shafaffen gindi. Idan aka manna irin wannan tun da wuri, shafaffen wurin yakan kalli gaba ko baya, jirgin ya tsaya a kan gefen taya. Hanyar da ta fi ita ce a sa gam mai jinkiri a aksul, a zura tayoyin, a ɗora jirgin a kan gilashi, a juya kowace taya har gindinta ya kwanta. Ɗan sararin da ke tsakanin aksul da ramin taya yakan shanye ragowar bambancin da ya saura.

Idan gam ya riga ya bushe

Gyaran abin da ya kama ya danganta da abin da aka manna shi da shi. Idan gam mai narkarwa ne, ɗigo ɗaya na irinsa a tushen ƙafar yakan tausasa haɗin bayan 'yan mintuna, a tura ƙafar a hankali zuwa inda ya dace, a tokare ta. Idan sufa gulu ne, akwai ruwan warware shi da ake sayarwa, sai dai a gwada shi a kan ragowar roba tukuna, domin wasu nau'o'in, da ruwan asiton, suna cin roba da fenti. Idan ƙafar kanta ce ta lanƙwashe tun daga kwali, ana tsoma ta a ruwan zafi wanda bai kai tafasa ba, a miƙe ta, a tsoma a ruwan sanyi. Wutar kyandir ko ashana ba ta da wuri a nan, domin tsakanin laushi da narkewa ƙiftawar ido ne.

Idan duk wannan bai yi ba, sai tiyata. A yanke ƙafar daga tushe da siririn zarto, a huda rami mai faɗin rabin milimita a cikin ƙafar da kuma a gurbin, a zura wayar tagulla mai wannan kauri. Wayar tana yin aiki biyu: ta fi tsinin roba ƙarfi, kuma ana iya lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan har a samu kusurwar da ake so kafin a sa gam. Abin lura shi ne zarto yana cin ɗan tsawo, don haka a mayar da abin da ya ci da siririn yankin roba, in ba haka ba an koma gidan jiya. Sai an tabbatar kusurwoyi uku sun daidaita, kuma har yanzu akwai ɗan bambanci, sannan sanfefa take da hurumi: a shimfiɗa ta a kan gilashi ƙarƙashin tayar da ta fi tsawo, a ja sau biyu ko uku, a sake aunawa.

Nauyi da zafi

Akwai karkatar da ba ta bayyana sai bayan watanni. Jirage masu taya a hanci, irin su Me 262 da B-25 da Alpha Jet, samfurinsu yakan zauna a kan wutsiya, domin babu nauyin inji da kayan aiki na gaske a gaba. Masu haɗi sukan cusa dalma a hanci don ya sauko, kuma wannan ƙarin nauyi yana hawa kan siraran ƙafafun roba dare da rana. Roba tana miƙa wuya a hankali ƙarƙashin nauyi mai ɗorewa, zafi kuma yana hanzarta hakan. Samfurin da ke kan kanta kusa da taga a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu yana cikin gwajin da wanda ke Ingila bai san shi ba, mota da aka rufe a rana kuwa ta fi ko'ina haɗari. Don haka ake auna dalmar daidai yadda hanci zai sauko ba tare da ƙari ba, a tura ta can gaba iyakar iyawa domin kaɗan ta wadatar, a kuma sa waya a cikin ƙafafun tun farko. Akwai ƙafafun ƙarfe da ake sayarwa a madadin na roba. Na tagulla suna da ƙarfi, na farin ƙarfe mai laushi kuwa suna da sauƙin lanƙwasawa wajen daidaitawa, amma wannan laushin yana sa su ma su iya buɗewa a ƙarƙashin jirgi mai nauyi.

Wasu masu haɗi sukan kauce wa wahalar gaba ɗaya su naɗe ƙafafun, su kafa jirgin a kan sanda kamar yana shawagi, kuma babu laifi a cikin hakan. Sai dai jirgin yaƙi ya fi daɗewa a ƙasa fiye da sama, kuma makanikai da matuƙa da tsayuwarsa suke gane shi tun daga nesa: talewar Bf 109, faɗin ƙirjin Fw 190, ƙunƙuntar Spitfire. Samfurin da ya samu wannan tsayuwa yakan yi kama da abu mai nauyin tan uku ko da bai fi tafin hannu ba. Samun ta kuwa bai wuce gilashi da rula da yankin kwali ba, sai haƙurin barin gam ya kwana kafin a ɗora jirgin a kan ƙafafunsa.